Yadda Ake Koyar da Ilimin Batir a Ɗakin Gwaji Ba Tare da Ka Faɗa wa Ɗalibai Amsa Ba

Shekarun farko da na fara koyar da 'yan ajin farko na jami'a fannin ilektorokemistiri, wato ilimin yadda sinadarai ke haifar da wutar lantarki da yadda wuta ke juya sinadarai, takardar umarni nake rabawa. Zuba wannan, jona wancan, karanta mita, rubuta. Wata rana ina duba rahotanni sai na ga kowane rukuni ya rubuta bolt 1.10, cif. Alhali da yammacin ranar na gano cewa wayar ɗaya daga cikin mitocin ta tsinke daga ciki, ba ta karanta komai. Yaran ba su auna ba, littafi suka kwafa, domin ni da kaina na nuna musu cewa amsar littafi nake nema.

Tun daga nan na sauya. Yanzu kaya nake ba su da tambaya, amsar kuma in riƙe ta a bakina. Abin da ke ƙasa tsari ne na zama uku, kowanne awa uku, ɗalibai uku-uku a rukuni. Idan sun kai biyar a rukuni, biyu za su zama 'yan kallo.

Kayan aiki

Ga kowane rukuni:

- Mita mai nuna lamba, wadda ke auna bolt, milibolt da amfiya
- Wayoyi huɗu masu bakin kada
- Ƙananan kofunan gilashi shida, masu cin mililita 50 ko 100
- Sillen jan ƙarfe uku, sillen tutiya ɗaya, ƙusar ƙarfe ɗaya
- Takardar tacewa da sanfefa mai laushi
- Tabarau na kariya ga kowa

Ga ajin gaba ɗaya: sikeli mai auna har giram 0.001, tataccen ruwa, tulun awo na mililita 100 da 250, na'urar ba da wuta mai tafiya ɓangare ɗaya, agogo, da bokiti mai murfi na tara dagwalon sinadarai. Sinadaran su ne salfet ɗin jan ƙarfe, salfet ɗin tutiya, salfet ɗin ƙarfe, da naitiret ɗin fotashiyam.

Kada ka damu in ba ka da sille na musamman. Fere wayar lantarki mai kauri, jan ƙarfen cikinta ya wadatar. Tutiya kuma ana samunta a gwangwanin tsohon busasshen batir irin na tutiya da gawayi, a yanke shi da safar hannu a wanke sosai. Amma kada ka fasa batirin alkalin ko na litiyam don neman ƙarfe, akwai haɗari.

Sai gargaɗi a kan ƙusa. Da yawa daga cikin ƙusoshi masu ƙyalli an lulluɓe su da tutiya don kada su yi tsatsa. In ka ba ɗalibai irin wannan, tutiya za su auna suna zaton ƙarfe ne. Nemi baƙar ƙusa, ko ka goge rufin tas.

1. Haɗa ruwan, ka yi gwajin da hannunka kwana ɗaya kafin

Kaurin mol 0.1 a lita (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) ya isa zama biyun farko, ba sai ka ɓarnatar da sinadari a kan mol 1 ba. A tulun mililita 250, narkar da giram 6.24 na CuSO₄·5H₂O, ko giram 7.19 na ZnSO₄·7H₂O, ko giram 6.95 na FeSO₄·7H₂O. Na ƙarfen kam bar shi sai safiyar ranar aiki, domin iska na juya shi, ka gan shi kore-kore yau, gobe ya koma ruwan ɗorawa da laka a gindi.

Gwada kowace mita da sabon batir mai bolt 1.5, ka tabbata duk suna faɗin abu ɗaya. Sannan ka yi dukkan gwaje-gwajen, ka rubuta abin da kayanka suka ba ka. Wannan takarda taka ce kai kaɗai. Amfaninta shi ne ka iya bambance rukunin da ya gano wani abu da rukunin da wayarsa ta kwance.

2. Buɗe zama da abin da ido zai gani

Kada ka rubuta komai a allo. Ajiye kofin shuɗin ruwan salfet ɗin jan ƙarfe da kofin ruwan salfet ɗin tutiya marar launi. Ka ce: "Za mu tsoma tutiya a wannan shuɗin ruwa, mu tsoma jan ƙarfe a wancan farin ruwa. Kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru, da dalilinsa." Da biro, ba da fensir ba, kuma kafin a taɓa kofi. Ɗalibin da bai yi hasashe ba, duk abin da ya faru zai ce dama ya sani.

Cikin 'yan mintuna tutiya za ta yi baƙi-baƙi, can kuma ka ga ja-ja yana taruwa a jikinta, shuɗin ruwan yana dusashewa. Jan ƙarfen da ke cikin ruwan tutiya kuwa ko gezau. Bar su su yi gardama a kan dalilin da ya sa abin ya tafi ta hanya ɗaya kawai. Yawanci cikin minti goma sha biyar wani zai ce tutiya ce ke miƙa wa jan ƙarfe ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki a waya. Daga nan sai ka jefa tambayar da dukan zaman ya rataya a kanta: ilektoron ɗin nan hannu da hannu ake miƙa su a cikin kofi, ƙarfinsu yana tafiya a zafi. Ta yaya za mu tilasta musu su bi ta waya?

Nakan ba su labari kaɗan a nan, minti biyu. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo na motsi idan an taɓa ta da ƙarfe, ya ce wutar daga jikin dabbar take. Alessandro Volta ya ce a'a, sirrin yana ga ƙarafa biyu mabambanta, kuma a 1800 ya jera faya-fayan ƙarafa da jiƙaƙƙen kwali a tsakaninsu ya samu wuta ba tare da kwaɗo ba. Gardama ce aka raba da gwaji, kuma abin da nake so su yi ke nan.

3. Bar su su gina batir, su kuma kasa

Nan ne sabon malami ke faɗuwa, domin tausayi. Za ka ga rukuni ya saka tutiya a ruwanta, jan ƙarfe a ruwansa, sun jona mita, tana nuna sifili ko lambobi na ta yawo. Za su ɗago kai su dube ka. Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Daure.

Abin da za ka yi shi ne ka mayar musu da tambaya. "Bi da'irar da yatsanka, a ina ta yanke?" Ko kuma: "In tutiya ta ci gaba da zuba ayon masu caji mai kyau a wannan kofi, me zai taru a cikinsa?" Ayon su ne ƙwayoyin sinadari masu caji a cikin ruwa, caji mai kyau shi ne mai alamar ƙari, maras kyau kuma mai alamar ragi. Wasu za su haɗa kofunan biyu da waya. Ƙyale su su gwada, lambar da za su samu ba za ta zauna yadda suke so ba, kuma ƙarshen wayar da ke cikin ruwan ya zama wani sabon ƙarfe a cikin lissafin. Wasu za su juye ruwan biyu a kofi ɗaya, su ga tutiya ta sake yin baƙi, an koma gidan jiya. Takardar tacewa da ruwan naitiret ɗin fotashiyam suna nan a kan teburinsu tun farko, ba ka ce komai a kansu ba. Da zarar rukuni ɗaya ya jiƙa takardar ya ɗora ta tsakanin kofunan, mita ta tsaya a wajen bolt 1.0 zuwa 1.1, za ka ji ihu, sauran kuma su leƙo. Sai a lokacin ka ba ta suna: gadar gishiri. Ka kuma gaya musu cewa abin da suka gina ɗan'uwan batirin da John Frederic Daniell ya ƙirƙira ne a Landan a 1836.

Ni dokata minti ashirin ce. In rukuni ya cije ya wuce haka, nakan yi musu hannunka mai sanda, in ɗaga takardar in tambaye su me suke gani amfaninta. Wahalar da ta wuce kima ba ta koyar da komai sai ƙin darasi.

Yanzu ka kama kuskuren da ya fi kowanne naci a wannan fanni. Tambayi ajin me ke wucewa ta cikin gadar. Mafi yawansu za su ce ilektoron. Ba haka ba ne. Ilektoron ta waya kaɗai suke bi, daga tutiya zuwa jan ƙarfe. A cikin ruwa da gada ayon ne ke tafiya: masu caji maras kyau su nufi kofin tutiya, masu caji mai kyau su nufi kofin jan ƙarfe, don kada caji ya taru a gefe ɗaya. Faɗa da baki ba ya cire wannan kuskure. Sa su jiƙa wata takarda da tataccen ruwa zalla su kwatanta, musamman idan mita na auna amfiya ce ba bolt ba, sannan kowa ya zana hoton batirin da kibiyoyi iri biyu, na ilektoron da na ayon. Daga zanen za ka gane wanda ya fahimta.

In babu naitiret ɗin fotashiyam, gishiri na yau da kullum zai yi aiki tsakanin tutiya da jan ƙarfe. Amma kada ka kusantar da shi ga ruwan azurfa ko na dalma, zai yi farin guntu ya toshe gadar. In babu takardar tacewa, igiyar auduga ko tsumman auduga mai tsabta ya isa. Kowane sabon haɗi kuma a yi masa sabuwar gada.

4. Jera ƙarafa, a yi hasashen na uku

Ba su ƙarfe na uku, ƙusa a ruwan salfet ɗin ƙarfe. Su auna tutiya da jan ƙarfe, su auna ƙusa da jan ƙarfe, sannan su dakata. Kafin su haɗa tutiya da ƙusa, su rubuta lambar da suke sa ran gani da kuma wanda zai zama ɓangaren ja na mita, wato mai alamar ƙari. A lissafin littafi na farkon 1.10 ne, na biyu 0.78, don haka na uku 0.32. Nasu zai ɗan kauce, musamman na ƙusa da ke yawan zuwa ƙasa da haka, amma ragin zai yi kusa da daidai matuƙar da nasu lambobin suka yi shi.

Sai ka tambaye su: to nawa ne ƙarfin tutiya ita kaɗai? Za su nemi hanyar aunawa su rasa, domin mita ƙafa biyu gare ta, bambanci kawai take gani. Ka ce kowane rukuni ya zaɓi ƙarfe ɗaya ya kira shi sifili, ya jera sauran. Wannan rukuni zai zaɓi jan ƙarfe, wancan tutiya, lambobi su bambanta, amma jerin da tazarar su zama ɗaya. Sai yanzu ka buɗe teburin littafi: masana sun zaɓi haidurojin a matsayin sifili, jan ƙarfe ya zama +0.34, ƙarfe −0.44, tutiya −0.76. Teburin da a da suke haddacewa kamar karatun aku ya zama abin da suka riga suka gina ƙaraminsa.

Idan mita ta nuna alamar ragi, ɗalibai sukan yi sauri su juya wayoyi su ɓoye abin kamar laifi. Hana su. Alamar ce ke faɗa musu inda ilektoron suka nufa.

Kana iya ƙara maganiziyam ko alminiyam, amma ka san abin da ka tsokano. Littafi ya ba maganiziyam −2.37, alminiyam −1.66, a kan tebur kuwa ba za su kai ko kusa ba, saboda fatar oksaid da ke rufe su da kuma yadda maganiziyam ke cin ruwa. Ni nakan ajiye alminiyam ga rukunin da ya gama da wuri, in ce su gano dalilin da ya sa ya ƙi bin littafi.

In sinadaranka kaɗan ne, yanka takardar tacewa kamar tauraro, ka shimfiɗa ta a faranti, ka ɗiga ruwan kowane ƙarfe a reshe ɗaya ka ɗora guntun ƙarfensa a kai, ka ɗiga ruwan gada a tsakiya. Ɗigo biyu-biyu ya isa.

5. Zama na biyu: me kauri ke yi?

A wannan zama su ne za su tsara gwajin. Tambayar ita ce: idan aka tsinka ruwan, ƙarfin batir zai sauya? Da nawa? Ba su minti ashirin su rubuta tsari, ka sa hannu kafin su fara. Abin da kake dubawa ɗaya ne, ko abu guda suke sauyawa a lokaci guda.

Kusan kowa zai ce in an raba kauri biyu, bolt ma zai rabu biyu. Ƙyale su su gwada. Da kyar za su ga lambar ta motsa, domin sauyin bai kai milibolt 10 ba. Wasu za su yanke hukunci cewa kauri ba shi da tasiri. Ka tambaye su ko sun tsinka shi sosai. Daga nan za su koma tsinkawa ninki goma-goma: mililita 10 a cika shi zuwa 100, daga 0.1 zuwa 0.01 zuwa 0.001. Ƙasa da haka lambobin ba sa zama, kada su ɓata lokaci.

Hanya mafi kyau ita ce a cire tutiya gaba ɗaya. Jan ƙarfe nan, jan ƙarfe can, ruwa iri ɗaya, kauri kawai ya bambanta, mita a ma'aunin milibolt 200. Kafin su fara, su tsoma sillen biyu a kofi ɗaya. In mita ta nuna fiye da milibolt biyu ko uku, sillen ba su gogu ba, a koma ga sanfefa. Ɗalibai kan yi mamaki ƙwarai su ga ƙarfe iri ɗaya ya ba da wuta, kuma ɓangaren mai kauri ne ke zama ɓangaren ja.

Su zana jadawali. Da kauri kai tsaye layin zai lanƙwashe, da logaridim ɗin kauri zai kusa miƙewa. Bar su su gano wannan da kansu, sannan ka kawo lissafin da Walther Nernst na Jamus ya fitar a 1889. A zafin digiri 25, kowane ninki goma yana kawo milibolt 59.2 a raba da adadin ilektoron, wato 29.6 ga jan ƙarfe mai ilektoron biyu.

Nasu zai zo ƙasa da 29.6, wani lokaci nesa ba kusa ba. Kada ka bari su rubuta "kuskuren ɗan Adam" su wuce, wannan jimla na haramta ta a ajina. Akwai dalili na gaske: a ruwan salfet mai kauri ayon suna riƙe juna, don haka waɗanda ke aiki ba su kai waɗanda aka zuba ba. Ga 'yan ajin farko wannan bayani ya isa.

6. Zama na uku: juya al'amarin

Yanzu wuta ce za ta tura sinadari. Sillen jan ƙarfe biyu masu faɗi a cikin ruwan salfet ɗin jan ƙarfe mai kaurin mol 0.5 ko 1, na'urar wuta, da mita a jere cikin da'ira. Ka duba jonin kowane rukuni kafin a kunna. Mitar da aka saita a amfiya aka gitta ta kai tsaye a bakin na'ura, fis ɗinta ya tafi, kuma ba shekarar da ban yi asarar ɗaya ko biyu ba.

Tambayar: caji nawa ake bukata don a ɗora mol ɗaya na jan ƙarfe? Su goge sillen, su wanke, su shanya, su yi musu alama, su auna nauyi. A amfiya 0.20 na minti 30, cajin da ya wuce kulom 360 ne (kulom shi ne amfiya sau daƙiƙa), kuma sille ɗaya zai ƙaru da kimanin giram 0.119, ɗayan ya ragu da kusan haka. Nauyin mol ɗaya na jan ƙarfe giram 63.55 ne, saboda haka lissafinsu zai kai su wajen kulom 193,000. Sai ka rubuta kulom 96,485 a allo, wato cajin mol ɗaya na ilektoron, lambar da ke ɗauke da sunan Michael Faraday, wanda ya fitar da dokokin wannan aiki a 1833 da 1834, ka tambaye su me ya sa tasu ta ninka ta. Wanda ya ce "ai kowane ayon ilektoron biyu yake karɓa" ya gama darasin.

Kada a ƙara wuta don sauri, jan ƙarfen zai taru kamar gari ya zube a wajen wanki. Kada a goge sillen da tsumma bayan an gama, a ɗauraye da ruwa, a bi da asiton ko barasar gwaji nesa da wuta, a bar shi ya bushe. Wutar ba ta tsayawa cak, don haka a rubuta ta duk minti biyu a ɗauki matsakaici. In sikelinka giram 0.01 kawai yake gani, yi amfani da sille masu faɗi sosai, amfiya 0.50 na awa ɗaya, za ka samu kimanin giram 0.59. In babu na'urar wuta, busassun batura biyu a jere da abin rage wuta za su yi.

Wani zai nemi ya gwada da ruwan gishiri. Ka ce a'a, iskar kulorin mai guba na iya fita.

A nan ne kuma sunayen anod da katod ke rikita su, domin alamar ta juya. Ka sa su duba sikeli: wanda ya rame shi ya saki ilektoron, shi ne anod, ko a batir ko a nan. Wanda ya yi ƙiba shi ne katod. Aikin ne ke ba da suna, alamar ƙari ko ragi kuwa tana bin irin da'irar.

7. Allo da rahoto

Ware minti talatin na ƙarshen kowane zama. Kowane rukuni ya rubuta lambobinsa a allo, har da waɗanda suka fita daban, ba sharewa. Ka fara da wadda ta fi kaucewa, ka tambayi ajin me zai iya jawo ta da yadda za a tabbatar. In lokaci ya rage, a tashi a gwada nan take.

Rahoto shafi biyu ya isa: me muka zata, me muka yi, me muka gani, me muke iƙirari, mene ne hujjarmu. Wajen ba da maki, kada ka ware ko ɗaya don kusanci da lambar littafi, kuma ka sanar da su haka tun ranar farko. Rukunin da ya samu 0.96 ya bi sawu ya gano tutiyarsa ba ta gogu ba, ya fi wanda ya kawo 1.10 babu bayani. Ka sa hannu a littafin awon kowane rukuni kafin su fita, don lambobin da ke rahoto su zama su ne na kan tebur.

Kafin a buɗe ƙofa, duk ruwan jan ƙarfe da na tutiya a juye shi a bokitin dagwalo, kada ya bi magudana, domin guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa. A wanke sillen a shanya su, a cire masu bakin kada daga jikinsu don kada su ci tsatsa, a kashe kowace mita, a mayar da jar wayarta ramin bolt saboda rukunin da zai zo gobe.